Rigimar sunan gaɓar teku: abin da ke bayan kwalbar pinot noir ta Sonoma

A ranar 23 ga Mayun 2022, hukumar TTB, mai kula da haraji da cinikin barasa da taba a ƙarƙashin Ma'aikatar Baitulmalin Amurka, ta wallafa dokar da ta kafa sabon yankin noman inabi a jihar Kalifoniya mai suna West Sonoma Coast, wato yammacin gaɓar tekun Sonoma. Dokar ta fara aiki ranar 22 ga Yuni. Duk wanda ya ji labarin daga nesa sai ya yi tambaya: tun 1987 akwai yanki mai suna Sonoma Coast a wannan gundumar, to me kalmar "yamma" ta ƙara? Me zai sa manoma su shafe shekaru suna kai da komo da takardu zuwa Washington saboda kalma ɗaya tak?

Hukuncin giya a wurin Musulmi a bayyane yake, kuma ba shi ake tattaunawa a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda sunan wuri ke zama dukiya, da wanda ke cin moriyar wannan dukiyar. Mai sayen albasa da ya san bambancin da sunan Galmi ke kawowa a kan buhu ya riga ya fahimci rabin maganar. Sauran rabin yana cikin halin wani inabi mai wuyar sha'ani, da sanyin Tekun Fasifik.

## Inabin da ba ya son wahala

Pinot noir nau'in baƙin inabi ne da gidansa yake yankin Burgundy a gabashin Faransa. Sunan ya haɗa kalmomin Faransanci biyu, ɗaya tana nuni ga 'ya'yan itacen pine saboda yadda 'ya'yan inabin ke cunkushewa a curi ɗaya, ɗayar kuma tana nufin baƙi. Darajarsa tsohuwa ce. A 1395, Philippe le Hardi, mai mulkin Burgundy a lokacin, ya ba da umarnin a tumɓuke inabin gamay daga gonakin ƙasarsa domin a bar wa pinot fili. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 1999, wanda masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka yi tare da takwarorinsu na Faransa, ya nuna cewa gamay ɗin da aka kora ɗan pinot ne, haka ma chardonnay.

Matsalarsa ɓawo. Ɓawon pinot siriri ne, kuma a cikin ɓawo launi da bauri suke, irin baurin da mai cin goro ko shan shayi mai kauri ya sani. Shi ya sa giyarsa ba ta da duhu sosai, ba ta kuma kama baki kamar ta inabin cabernet sauvignon. Amma siririn ɓawo ba ya jure komai. Rana mai zafi tana ƙona shi, danshi yana sa masa fumfuna, kuma da yake 'ya'yan a matse suke, ɗaya na ruɓewa sai ya shafa wa sauran. Yana toho da wuri, don haka sanyin ƙarshen hunturu na iya kashe tsiron. Yana nuna da wuri, don haka a ƙasa mai zafi kafin a ankara ya wuce.

Wannan saurin nuna shi ne tushen komai. Yayin da inabi ke nuna, sukarinsa na ƙaruwa, tsaminsa na raguwa, ƙamshinsa kuma yana haɗuwa sannu a hankali. Zafi yana gaggauta biyun farko, ba ya gaggauta na ukun daidai da su. A wuri mai zafi manomi yana tsaka mai wuya: ya tsinke da wuri ƙamshi bai kai ba, ya jira sukari ya yi yawa tsami ya zube. Da yake yis ne ke mai da sukari barasa, yawan sukari yana nufin giya mai ƙarfi da nauyi. Ana auna sukarin da ma'aunin Brix. Inabi mai Brix 22 ko 23 yana ba da giya mai ƙarfin barasa kusan kashi 13 cikin 100, mai 26 kuwa yana kaiwa wajen kashi 15. Wuri mai sanyi yana ja wa inabin birki, ya ƙara masa makonni a jikin kuranga har ƙamshin ya cim ma sukarin. Masana yanayi sun sanya pinot noir cikin inabin da ke son matsakaicin zafin lokacin noma tsakanin digiri 14 zuwa 16 a ma'aunin Celsius, tazara ƙarama ƙwarai.

## Aikin da teku ke yi

Burgundy tana kan digiri 47 arewa da tsakiyar duniya, nesa da teku, sanyinta daga matsayinta yake. Sonoma tana kan digiri 38, daidai da birnin Athens na Girka. A lissafin taswira bai kamata pinot ya yi kyau a can ba.

Abin da ya canza lissafin shi ne ruwan da ke bakin gaɓar. Igiyar ruwan Kalifoniya tana gangarowa daga arewa da sanyinta. A bazara iskar arewa maso yamma tana tura ruwan saman teku nesa da gaɓa, sai ruwan ƙasa mai tsananin sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Ruwan tekun wajen Bodega Bay yakan tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 13 ko a tsakiyar bazara. Iska mai danshi ta ratsa kan wannan ruwa sai ta zama hazo, hazo mai jiƙa riga, ba irin na hunturunmu mai ƙura ba. A can cikin ƙasa kuma kwarin tsakiyar Kalifoniya yana ɗaukar zafi, iskarsa tana tashi sama, wannan ya zuƙo hazon teku ta kowace kafa da ke tsakanin tsaunuka. Da yamma ya shigo, da hantsi ya janye.

Irin wannan tsari ne ya samar da pinot a Casablanca da Leyda na ƙasar Chile, inda igiyar Humboldt ke aikin, da kwarin Hemel-en-Aarde kusa da Hermanus a Afirka ta Kudu.

Sai dai a yammacin Sonoma akwai wani abu da baƙo ba ya tsammani. Gonaki da yawa ba a cikin hazon suke ba, a samansa suke, kan ƙololuwar tsaunuka da ke kallon teku. Hazon yana kwanciya ƙasa kamar bargo, iskar da ke samansa ta fi ɗumi. Kurangar da ke kan tudu tana samun rana mai haske da iska mai sanyi lokaci guda, darenta kuma bai kai na kwari sanyi ba. Wadda ke ƙasa cikin hazon, kamar a wasu sassan kwarin Freestone, takan yi fama kafin ta nuna. Wannan bambanci zai dawo cikin gardamar iyaka.

Ƙasar wurin ma ba iri ɗaya ba ce. Tsagar ƙasa ta San Andreas, wadda ta girgiza San Faransisko a 1906, ta ratsa yankin, ta cakuɗa duwatsu da yashi da yumɓu har gona ɗaya takan ƙunshi ƙasa iri-iri. Ruwan sama yana zuba da yawa a hunturu, bazara kuma ba ya sauka. Lokacin fure, a Mayu da Yuni, iska da sanyi sukan hana furen ɗaukar 'ya'ya yadda ya kamata, sai curi ya fito da manya da ƙanana a haɗe. Manoman wurin suna kiran wannan kaza da 'yan tsaki. Masu haɗa giya suna son sa saboda ƙananan 'ya'ya sun fi ɗanɗano, mai gona kuma yana kallon sikeli yana ganin nauyi ya ragu.

## Mene ne AVA, kuma me ba ya nufi

Yankin da TTB ta amince da shi ana kiransa AVA a taƙaice, ma'ana yankin noman inabi na Amurka. Na farko shi ne Augusta a jihar Missouri a 1980, Napa Valley ta biyo baya a 1981, yau kuma sun haura 270. Mai neman a kafa sabo dole ya nuna cewa an san wurin da sunan da yake nema, ya zana iyakarsa a kan taswirar gwamnati, ya kuma kawo hujjar cewa yanayinsa ko ƙasarsa ko tsayinsa sun bambanta da na maƙwabta.

Idan mutum ya ɗauki kwalba ya ga an rubuta West Sonoma Coast, Pinot Noir, da shekara, ga abin da doka ta lamunce masa. Aƙalla kashi 85 cikin 100 na inabin daga cikin yankin ya fito. Aƙalla kashi 75 pinot noir ne. Aƙalla kashi 95 an tsinke shi a shekarar da aka rubuta. Dokar jihar Kalifoniya da ta fara aiki a 2014 ta kuma wajabta a ƙara sunan gundumar, wato Sonoma County, a jikin kwalbar. Jihar Oregon da ke arewa ta fi tsanani: kashi 90 ga pinot noir, kashi 95 ga sunan yanki.

Iyakar lamunin ke nan. A nan tsarin Amurka ya rabu da na Faransa, kuma a nan yawancin ruɗanin yake. Tsarin AOC na Faransa, wato tsarin kare sunan wurin da kaya ya fito, wanda aka kafa a tsakiyar shekarun 1930, yana faɗa wa manomi irin inabin da zai shuka, yawan amfanin da zai ɗiba a hekta, har da yadda zai datse kuranga. Shi ya sa kwalbar Burgundy takan ɗauki sunan ƙauye kawai, kamar Volnay ko Gevrey-Chambertin, domin sunan ƙauyen ya riga ya faɗi inabin. Burgundy ta yanka gonakinta zuwa ƙananan filaye 1,247 masu suna, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2015. AVA kuwa taswira ce kurum. Mai gona yana da 'yancin shuka abin da ya ga dama, ya ɗebi yawan da ya ga dama. TTB da kanta takan rubuta a cikin irin waɗannan dokoki cewa kafa yanki ba yabo ba ne ga giyar da ke fitowa daga cikinsa.

## Yadda sunan farko ya kumbura

Ana danganta kurangar inabi ta farko a wannan gaɓa ga Rashawa, waɗanda suka kafa sansanin Fort Ross a 1812 a ƙasar ƙabilar Kashaya Pomo, suka bar shi a 1841. Bayansu yankin ya zama na masu saran katako, makiyayan tumaki da masu lambun tuffa. Inabi ya dawo a shekarun 1970. David Hirsch ya shuka gonarsa a 1980 a wani tsohon wurin kiwon tumaki, kuma sai a shekarun 1990 manyan masu haɗa giya irin su Williams Selyem da Littorai suka fara sayen inabinsa suna rubuta sunan gonar a kwalba. Gidan Flowers ya shuka nasa a 1991, iyalan Peay kuma a 1998 can arewa kusa da Annapolis.

Amma sunan Sonoma Coast ya riga su shiga doka. Yankin da aka kafa a 1987 ya kai kusan eka 500,000, ya tashi daga iyakar gundumar Mendocino ya gangara har bakin San Pablo Bay, ya haɗiye sassan Russian River Valley, Chalk Hill da Carneros. Wasu gonakinsa suna da nisan kilomita 30 ko fiye daga Fasifik. Dalilin girman sananne ne a wurin 'yan harkar. Kamfanin Sonoma-Cutrer na Brice Jones ne ya jagoranci neman, kuma gonakinsa a warwatse suke. Doka ta ce kafin a rubuta a kwalba cewa giyar daga gonar kamfani ta fito kuma shi ya ɗura ta, dole gonakin da masana'antar su kasance cikin AVA ɗaya. Sai aka zana iyaka mai faɗin da zai ɗauke su duka, bisa hujjar cewa hazon teku yana kaiwa ko'ina a ciki.

A lokacin ba wanda ya damu sosai. Abin ya canza bayan 2004, shekarar da fim ɗin Sideways ya fito da jarumi mai yabon pinot noir yana kushe giyar inabin merlot. Ciniki ya tashi, filin da pinot ya mamaye a Kalifoniya ya kusa ninkawa cikin shekarun da suka biyo, kalmar "gaɓa" kuma ta zama abin talla. Misalai biyu sun nuna yawan kuɗin da ke cikin suna. A 2010 wata kotu a Carcassonne ta Faransa ta hukunta mutum 12 saboda sayar wa kamfanin Gallo na Amurka giyar merlot da syrah da sunan pinot noir, adadin da ya kai kwalba miliyan 18. A 2015 kuma kamfanin Constellation ya sayi tambarin Meiomi a kan dala miliyan 315. Meiomi pinot ne da ake haɗawa daga gundumomi uku na gaɓar Kalifoniya, ana sayar da shi wajen dala 20, kuma cinikin bai ƙunshi gona ko ɗaya ba. Suna aka saya.

Manoman da ke kan tsaunukan bakin teku suka ga ana sayar da kaya da sunan da suke ganin nasu ne. Suka fara kiran wurinsu "ainihin gaɓar Sonoma", suka kafa ƙungiyar West Sonoma Coast Vintners. A 2011 aka amince da ƙaramin yankin Fort Ross-Seaview mai eka 27,500, wanda aka iyakance shi da tsayin ƙasa. A 2017 aka yanke Petaluma Gap daga kudu, bisa hujjar iska. Sai na 2022, mai eka 141,846. A cikin wannan fili duka, takardar neman ta lissafa gonakin kasuwanci 47 ne kawai, a kan eka 1,028. Bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Saura daji ne da kwazazzabai da makiyaya.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya suna cewa suna da ya haɗa gonar da ke jin ƙarar igiyar teku da wadda ke bayan tsaunuka biyu ya daina faɗa wa mai saye komai. Suna nuna cewa amfanin gonarsu kaɗan ne, kuɗin aikinsu ya fi yawa, giyarsu kuma ta fi tsami da sauƙin barasa, don haka ya kamata kwalba ta bambanta su.

Masu suka ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu cewa sabon yankin ya maimaita laifin tsohon a ƙaramin sikeli, tunda ya haɗa tudun Fort Ross-Seaview mai rana da kwarin Freestone mai hazo, wurare biyu da inabi ba ya nuna lokaci ɗaya. Akwai masu ƙorafin iyakar gabas, wadda ta bi layin Russian River Valley domin TTB ba ta son sabon yanki ya ɗan shiga cikin wani. Sakamakon haka wasu gonakin wajen Occidental masu sanyi iri ɗaya sun faɗa waje, saboda layin da aka ja tun da can don wata manufa dabam. Akwai kuma masu ganin sunaye sun yi yawa. Gundumar Sonoma tana da AVA 19 yanzu, kuma mai saye a Tokyo ko Landan da wuya ya rarrabe Sonoma Coast da West Sonoma Coast da Sonoma Valley.

Dukkan hujjojin suna da ƙafa. Abin lura shi ne dokar ba ta ƙwace wa kowa komai ba. Tsohon sunan yana nan da faɗinsa, kuma manomin da ke cikin sabon yankin yana da zaɓin rubuta ko wanne. Wasu sun ci gaba da tsohon saboda shi kasuwa ta sani.

A ƙarƙashin gardamar taswira akwai ta ɗanɗano. A shekarun 1990 da 2000, giya mai kauri da nuna sosai ita ke samun maki mai yawa a wurin masu sharhi irin su Robert Parker, maki kuma shi ke sa farashi. A 2011 Jasmine Hirsch, 'yar David Hirsch, da Rajat Parr suka kafa ƙungiyar In Pursuit of Balance domin tallata pinot da chardonnay da aka tsinke da wuri, masu ƙarancin barasa. Magoya bayansu suka ce ta haka ne kawai halin gona ke fitowa. Masu adawa suka ce ana sayar da ɗanyen inabi da sunan daidaito, kuma rana ita ce arzikin Kalifoniya, ba abin kunya ba. An rufe ƙungiyar a 2016. Ko a cikin West Sonoma Coast ana samun salon biyu, domin ranar tsinka mutum ne ke sa ta, ba taswira ba.

## Lissafin kwalba

Me ya sa kwalbar wannan yanki takan kai dala 50 zuwa 100, wani lokaci fiye? Gonar bakin teku takan ba da tan ɗaya zuwa biyu a eka, yayin da gonar kwarin tsakiyar Kalifoniya ke iya ba da tan 10 ko fiye da injin girbi. Tan ɗaya yana fitar da kwalba wajen 720. Hanyoyin yankin ƙanana ne masu lanƙwasa, gangaren ba ya ɗaukar manyan injuna, kusan komai da hannu ake yi. Gangar katako ta Faransa mai cin lita 228, wato kwalba kusan 300, takan haura dala 1,000, kuma giyar za ta kwana a ciki kusan shekara ko fiye kafin a ga kuɗinta.

'Yan harkar suna da wani tsohon ƙiyasi: farashin tan ɗaya na inabi ya kamata ya zama farashin kwalba sau 100. Kwalbar dala 70 tana nufin tan na dala 7,000. Idan aka raba wannan ga kwalba 720, rabon manomi bai kai dala 10 ba. Sauran yana tafiya ga masana'anta, haraji, dillali da mai kanti, domin tun bayan ɗage haramcin barasa a 1933 yawancin jihohin Amurka sun wajabta bin ta hannun dillali. Shi ya sa ƙananan gidaje suka dogara ga aika wa masu saye kai tsaye, hanyar da hukuncin Kotun Ƙoli na 2005 a shari'ar Granholm ya faɗaɗa.

## Daji, kogi da masu tsinka

Ba kowa ne a yankin ke murna da tashin darajarsa ba. Tsaunukan da inabi ke so su ne mazaunin itatuwan redwood, kogin Gualala da ke ƙarƙashinsu kuma nan kifin salmon da steelhead ke hayayyafa. Sare daji a kan gangare yana zubo laka cikin rafi, tara ruwan ban-ruwa yana rage abin da ke kwarara a rani. Shirin Preservation Ranch, wanda asusun fanshon ma'aikatan Kalifoniya ya zuba wa kuɗi, ya so mai da wajen eka 1,800 na daji gonakin inabi a cikin fili mai kusan eka 20,000 kusa da Annapolis. Mazauna da masu kare muhalli suka yi ta adawa, har a 2013 ƙungiyar The Conservation Fund ta sayi filin a kan dala miliyan 24.5 aka bar shi daji. Masu gonakin da suka riga suka kafu sukan amsa cewa yawancinsu a tsoffin makiyaya da lambunan tuffa suka shuka. Ko ta wane gefe aka duba, wahalar buɗe sabuwar gona tana ƙara wa tsofaffin daraja.

Masu aikin gonakin yawancinsu daga Meziko suke, ciki har da 'yan ƙabilun Mixteco da Triqui na jihar Oaxaca waɗanda Sifaniyanci ma ba harshen uwarsu ba ne. Ana tsinkar pinot da dare ko da asuba, da fitila a goshi, domin ya isa masana'anta da sanyinsa. Dokar Kalifoniya ta 2016 ta kawo kuɗin ƙarin lokaci ga leburan gona a hankali, har ya kai bayan sa'a 8 a rana ko 40 a mako, daga 2022 ga manyan gonaki, daga 2025 ga ƙanana. Ƙungiyoyin ma'aikata suna ganin adalci ne da ya makara. Masu gona suna cewa abin ya sa an rage wa mutane sa'o'i, wasu kuma sun koma ɗauko ma'aikatan wucin gadi da bizar H-2A. Gidan haya a gundumar yana da tsada, don haka mai tsinka yakan yi doguwar tafiya kafin ya isa gona.

## Hayaki

Wanda ya sayi gona a bakin teku yana ganin ya sayi kariya daga ɗumamar yanayi, kuma akwai gaskiya a ciki. A ranar 6 ga Satumban 2022 zafi ya kai digiri 46 a Santa Rosa, babban birnin gundumar, lokacin da inabi ke gab da tsinka, gonakin da iskar teku ke kaiwa kuma sun fi samun sauƙi. Amma teku ba ya tare wuta. A tsakiyar Agustan 2020 tsawa marar ruwa ta kunna gobarar Walbridge a dazukan yammacin gundumar da ta Meyers kusa da Fort Ross, daidai lokacin da pinot ke nuna.

Ko wutar ba ta taɓa kuranga ba, hayaki ya isa. Sinadaran da ke cikinsa, irin su guaiacol, suna ratsa ɓawon inabi su manne da sukari. Mai ɗanɗana ɗanyen inabin ba zai ji komai ba. Sai an tsima shi ƙaurin ke fitowa, kamar an wanke murhu a ciki. Jar giya da ɓawonta ake tsima ta, pinot kuma ba shi da kaurin da zai rufe aibi. A waccan shekarar ɗakunan gwaji sun cika, sakamako yana ɗaukar makonni alhali inabi ba ya jira. Masu saye suka ƙi karɓar kaya, gidaje da dama ba su fitar da jar giyar 2020 ba sam. Mai gonar da ke da inshora ya rage asara. Lebura da ake biya bisa nauyin abin da ya tsinka ya rasa kakar, wasu kuma aka shigar da su wuraren da aka kwashe jama'a domin ceto amfanin, abin da ya jawo zanga-zangar neman kuɗin haɗari da bayanin tsaro cikin harsunansu.

## Kasuwar da ke raguwa

Sabon sunan ya zo lokacin da duniya ke rage shan giyar inabi. Hukumar OIV, mai kula da harkar inabi da giyarsa ta duniya, ta ƙiyasta abin da aka sha a 2024 a kan hektolita miliyan 214 (hektolita ɗaya lita 100 ne), mafi ƙanƙanta tun 1961. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin barasa da za a kira marar illa ga lafiya, a Janairun 2025 kuma babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya nemi a sa gargaɗin cutar daji a jikin kwalabe. Tsadar kwalba ko sanyin gonar da ta fito ba su canza wannan ba. A kwarin tsakiyar Kalifoniya ana tumɓuke dubban eka na inabin da ya rasa mai saye.

Masu kaya mai tsada sun fi jurewa, amma ƙaramin gida mai eka 20 da ya yi asarar kaka ɗaya yana buƙatar aljihu mai zurfi kafin ta gaba. Masu irin wannan aljihun sun fara shigowa. A 2022, shekarar da aka kafa yankin, rukunin LVMH na Faransa ya sayi kamfanin Joseph Phelps tare da gonakinsa na Freestone. Iyalan Faiveley, masu haɗa giya a Burgundy tun 1825, sun sayi hannun jari a Williams Selyem a 2021, suka karɓi rinjaye a 2024.